Saksofon na ɗan koyo: araha ba ta ado

Tun da Manu Dibango na Kamaru ya fito da Soul Makossa cikin shekara ta 1972, samari da dama suka ɗora ransu bisa saksofon, abin busan nan da Adolphe Sax, mutumen Beljik, ya yi wa rajista a birnin Paris a 1846. Amma uban da ɗansa ya dame shi da roƙo, tambayarsa guda ce: wane zan saya wanda aljihuna zai iya ɗauka?

Iri huɗu aka fi sani: soprano, alto, tenor da bariton. Malaman kiɗa alto suke zaɓa ma ɗan koyo, domin nauyinsa wajen kilo 2 da rabi ne, yatsun yaro suna isa ko'ina, kuma bai kai tenor tsada ba. Soprano kuwa, ko da yake ƙarami ne, daidaita muryarsa sai gwani.

Kada ƙyalƙyalin tagulla ya ruɗe ku. Lafiyar saksofon tana ƙarƙashin murafensa, inda aka liƙa ƴan matasai na fata masu toshe ramuka. In guda ya bushe ko ya tsage, iska sai ta zurare. Yaro ya yi ta busa, sauti mai kauri ya ƙi fita, har ya ɗauka shi ne ba shi da baiwa, ya aje. Kuɗi sun tafi, sha'awa ta mutu.

Saboda haka tsohon Yamaha ko Jupiter na ƴan makaranta, wanda aka riƙe da kyau, ya fi sabon da ba a san maƙerinsa ba, mai ƙarfe mai taushi da ke lanƙwashewa, a rasa kayan gyaransa. Selmer na Faransa a bar ma waɗanda suka ƙware. Ranar ciniki ku tafi da mabushi, ya gwada tun daga sautin ƙasa har na sama, a hankali. Ku sa ƴar fitila cikin bututun a wuri mai duhu, ku rufe murafen: inda haske ya ɓullo, nan iska ke fita.

Ku rage wani abu don sayen ɗan siririn karan da ke kaɗawa a bakinsa; mai lamba 2 ya dace da mafari, kuma yana ƙarewa. Bayan busa a share danshi, a maida kayan cikin akwati, domin ƙurar hunturu ba ta barin fata lafiya. Allah ya sa a dace.