Banjo Mai Ruwa Biyu: Yadda Ake Gane Shi

Zamani riga ne, in ji Hausawa, kuma ko kayan kiɗa ba su tsira ba. Banjo, wanda bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma suka ƙago a Karibiyan da Amurka, ɗan'uwan gurmi ne: ƙoƙo rufe da fata, da sanda, da tsirkiya.

Kafin zuwan na'urar ƙara sauti, jita da mandolin ba sa iya ja da amon banjo. Saboda haka duk abin kiɗan da aka shiga yayinsa, sai a dasa irin sandarsa a kan ƙoƙon banjo.

Mai son gane su ya ƙirga tsirkiya, ya dubi sanda. Takwas, bibbiyu, banjo-mandolin ke nan. Huɗu a gajeriyar sanda, banjo-yukulele ne, wanda ya bazu bayan baje kolin San Francisco na 1915. Shida kuwa banjo-jita ne, irin wanda Johnny St. Cyr ya kaɗa tare da Louis Armstrong a 1925.

A shekarun 1930 jita ta ƙwace fage, aka jingine su. Wanda ya gaji ɗaya bai tantance ba, yana iya ɗaura masa tsirkiyar da ba tasa ba, sanda ta lanƙwashe.