Windows 11 ta fito tun 2021, me ya sa ofisoshi suka yi ta jan ƙafa?

Ranar 5 ga Oktoban 2021 kamfanin Microsoft ya saki Windows 11. Masu son sabon abu suka yi rububin ɗora ta a kwamfutocinsu, amma bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati ko gezau. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, akasarin ofisoshi na nan riƙe da Windows 10. Sai da 14 ga Oktoban 2025 ta ƙarato, wato ranar da kamfanin ya tsayar don daina aiko wa Windows 10 facin tsaro kyauta, sannan hankalin manajoji ya tashi aka fara lissafin kuɗi.

A wurin babban kamfani, ranar da sabuwar manhaja ta fito labari ne kawai na jarida. Ranar da ke motsa kasafin kuɗi ita ce ranar yaye, lokacin da mai manhajar zai ce daga yau kowa tasa ta fisshe shi.

Jan ƙafar nan ba lalaci ba ne. Ma'aikatar da ke da kwamfuta dubu biyar tana da manhajar biyan albashi, da ta ajiyar bayanan abokan ciniki, da firintoci, da na'urar ɗaukar hoton yatsa, wataƙila har da injin gwajin jini da aka saya shekara goma baya wanda masu ƙera shi sun daina kula da shi. Kowane ɗaya sai an gwada an ga yana tafiya da sabuwar manhajar. Idan na albashi ya ƙi aiki a ƙarshen wata, ba Microsoft ma'aikata za su tare a bakin ƙofa ba.

Kuma tarihi ya koya wa masu kula da kwamfutocin ofis tsoro. Da Windows Vista ta fito ga jama'a a Janairun 2007, ta yi wa kwamfutocin lokacin nauyi, na'urori da yawa kuma suka ƙi aiki da ita. Kamfanoni suka yi zamansu a kan Windows XP, wadda ta fito tun 2001, har Windows 7 ta zo a 2009. Haka aka tsallake Windows 8 ta 2012, wadda ta cire maɓallin Start da kowa ya saba da shi. A Oktoban 2018 ma wani sabuntawa na Windows 10 ya goge wa wasu mutane fayilolinsu, dole kamfanin ya janye shi cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa al'adar ofisoshi ta zama a bar wasu su fara shiga, a ga yadda za su fito. Sai a ɗora wa ma'aikata ƙalilan, a jira, a ƙara wasu, a haka har a gama.

Sai dai jira ma da kuɗinsa. Lokacin da aka yaye XP a Afrilun 2014, gwamnatin Birtaniya ba ta gama shiri ba, ta biya Microsoft kimanin fam miliyan 5.5 domin a ƙara mata shekara guda. A Mayun 2017 kuma manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta afka wa asibitocin gwamnati na Ingila, aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. Abin takaicin shi ne tun watan Maris Microsoft ya fitar da facin da zai toshe kafar da WannaCry ta bi, kuma yawancin kwamfutocin da abin ya shafa Windows 7 ke kansu, wadda a lokacin ba a yaye ta ba. Ba a dai ɗora facin ba ne. A ganina a nan manajoji da yawa ke kuskure: suna ɓata watanni kan muhawarar lambar manhaja, alhali facin wata-wata, wanda ba ya cin ko kwabo, yana jibge ba a taɓa ba.

Windows 11 ta zo da wata matsalar daban. Ba kowace kwamfuta take karɓa ba. Sai mai ɗauke da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta ta kasance ta Intel zubi na 8 zuwa sama, ko ta AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Kwamfutar da aka saya a 2016, ko da lafiyarta lau, an rufe mata ƙofa. Nan take maganar ta tashi daga sauya manhaja ta koma sayen sabbin na'urori, abin da kamfanoni suka saba yi duk bayan shekara uku zuwa biyar bisa tsarin kasafinsu, ba bisa kalandar Microsoft ba.

Wanda bai shirya ba an buɗe masa hanyar sayen lokaci. Domin a ci gaba da aiko wa Windows 10 facin tsaro, kamfani zai biya dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku, daga nan a rufe a Oktoban 2028. Jimilla dala 427 ke nan, kuɗin da ya kusa sayen sabuwar kwamfutar ofis. Ninkin nan da gangan aka yi shi, don a sa mai jinkiri ya gaji.

Bayan an ƙaura ma ba a huta ba, domin Windows 11 tana samun sabon zubi duk shekara. Na gida da na ƙananan 'yan kasuwa wata 24 ake kula da shi, na manyan kamfanoni da makarantu wata 36. Apple shi ma duk ƙarshen shekara yake sakin sabuwar macOS, ba ya kuma bayyana ranar yaye tun da wuri. Manhajar Ubuntu ce ta fi sauƙin lissafi: zubi mai dogon zango yana fitowa a Afrilun duk bayan shekara biyu, da alkawarin kulawa na shekara biyar.

Wannan guguwa tana iso mu ta hanyar gwanjo. Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama su ne ke cika shagunan Computer Village a Ikeja da na Titin Beirut a Kano, kuma da araha. Mai shagon buga takardu ko shugaban makaranta da zai sayi ashirin a tashi ɗaya, kafin ya yi ciniki ya tambayi zubin ƙwaƙwalwar. Idan na 6 ne ko na 7, zai iya samun mai gyara ya cusa masa Windows 11 ta bayan gida, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai lamunce wa irin wannan kwamfuta sabuntawa ba. Ga aikin da ba ya taɓa intanet, hakan ba wani abin damuwa ba ne. Wanda zai riƙa shiga asusun banki ko ajiye bayanan ɗalibai da marasa lafiya kuwa, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki zubi na 8, ko ya ɗora Ubuntu a kan tsohuwar.