Aika Saƙo Tsakanin Nijeriya Da Nijar: Wa Ya Fi Sauri, Wa Ya Fi Sauƙin Kuɗi?

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari da Illela ya san cewa ciniki ya sauya salo. A da, ɗan kasuwar Maraɗi da ke son atamfa ko shadda sai ya ɗaura kuɗinsa a ƙugu ya nufi Kantin Kwari da kansa, ya kwana biyu a gidan maigidansa a Kano, sannan ya biyo kayansa har gida. Yanzu kuwa hoto ake turo masa ta WhatsApp, ya zaɓa, ya biya ta hannun ɗan canji ko ta kamfanin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, kaya kuma su taho su kaɗai ba tare da mai su ba. Wannan ne ya sa tambayar da ta fi yawo a bakin 'yan kasuwa a yau ita ce: wa zan ba wa saƙona? Mun duba hanyoyi huɗu da jama'armu suka fi bi, domin mai karatu ya auna da kansa inda sauri yake, da inda sauƙin kuɗi yake, da kuma inda asara take ɓuya.

Direban tasha

Hanya mafi daɗewa ita ce ta direban tasha. A Kano, mai saƙon Maraɗi ko Damagaram yakan nufi tashar Kuka ko ta Ƙofar Ruwa, ya sami motar da ke lodi, a yi ciniki da ɗan kamasho, a rubuta suna da lambar wayar mai karɓa a jikin kwali, shi ke nan. Daga Kano zuwa Katsina kimanin kilomita 170 ne, daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa kuma kimanin kilomita 90. Saboda haka saƙon da ya bar Kano da safe yana iya kwana a Maraɗi a ranar, idan hanya ta yi kyau. A gajeren zango irin wannan, ko na Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni ta Illela, babu kamfanin da ke kamo direban tasha a sauri.

Kuɗin direba ba a rubuce yake ba. Ido ne sikelinsa: yakan dubi girman kaya da wurin da za su cinye a mota, ya kuma dubi irin tambayar da za a yi masa a kansu a shingayen hanya. Wanda ya saba da shi yakan samu rangwame, baƙo kuwa ya sha tsada. Sai dai matsalar ita ce amana kaɗai ke riƙe da wannan ciniki. Sau da yawa babu rasit, kuma motar da ta ɗauko kayan ba lallai ne ita za ta kai su ba, domin akan sauke a kan iyaka a miƙa wa wata. Idan kwali ya jiƙe ko ya yi ɓatan-dabo a tsakanin hannu biyu, sai dai a kai ƙara ofishin ƙungiyar direbobi a wannan ɓangare, ko wurin sandika a wancan, a yi sulhu, wanda galibi ba ya mayar wa mai kaya da uwar kuɗinsa gaba ɗaya. Bugu da ƙari, matsalar tsaro a yankin Jibiya ta sa direbobi da dama ba sa son tafiyar dare, don haka saƙon da bai samu motar safe ba yana iya kwana a Katsina.

Kamfanonin bas na Nijar

Da zarar kaya sun tsallaka cikin Nijar, ko kuma za su yi nisa, lissafi yakan koma hannun manyan kamfanonin bas irin su Rimbo da STM da Al Izza da Sonef. Kamfanonin nan suna da sashen karɓar saƙo a tashoshinsu, inda ake rubuta kaya a ba mutum takarda, mai karɓa kuma ya zo da katin shaida kafin a miƙa masa. Motocinsu suna da lokacin tashi, yawanci da asuba, ko sun cika ko ba su cika ba, wanda shi ne babban bambancinsu da motar tasha da ke jiran fasinja na ƙarshe. Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilomita 660 ne, daga Ƙonni kimanin 420, daga Damagaram kuma kusan 900. Wanda ya kai saƙonsa da yamma, ya kwana a tasha ya bi motar asuba, mai karɓa zai iya ɗaukarsa a Yamai da daren ranar ko washegari da safe.

Tun da kamfanonin suna bin hanya ɗaya kuma suna gogayya da juna, farashinsu ba ya cika yin nisa da juna. Abin da ya fi raba su shi ne yawan motocin da kowane ke tayarwa a rana, da garuruwan da yake da tasha, da kuma yadda yake adana kaya kafin a zo karɓa. Kamfanin da ke tayar da mota biyu ko uku a rana ya fi mai guda ɗaya amfani ga mai gaggawa, ko da kuɗinsa ya ɗara da 'yan daloli. Haka kuma kamfanin da ba shi da tasha a garin mai karɓa zai sauke kaya a gari mafi kusa, sai an sake biyan wata mota, araha ta koma tsada ke nan.

Wani abin lura a nan shi ne tambayar da ma'aikacin karɓar saƙo kan yi: nawa ne kuɗin abin da ke ciki? A wasu wuraren da amsar ake yanke kuɗin aike, shi ya sa wasu 'yan kasuwa kan rage darajar kayansu don su biya kaɗan. Wanda ya aika wayoyin salula na jika 500 ya ce na jika 50 ne, ya sani cewa ranar da kwalin ya ɓata, abin da ke rubuce a takarda da shi za a yi magana.

Gidan waya da kamfanonin cikin gida

Hanya ta uku ita ce gidan waya, wato NIPOST a Nijeriya da Niger Poste a Nijar. Dukkansu suna cikin ƙungiyar gidajen waya ta duniya da aka kafa a 1874, kuma suna da sashen gaggawa da ake kira EMS. Farashinsu a rubuce yake bisa nauyi da kuma ƙasar da za a kai, ana cike takardar kwastan tun a kan kanta, ana kuma ba da lambar bin diddigi. Ga ƙaramin ƙunshi da za shi Turai ko Saudiyya ko Amurka, gidan waya yakan fi kamfanonin jirgin sama sauƙin kuɗi, amma sai mai haƙuri, domin saƙon ƙasa da ƙasa sai ya bi ta babbar cibiyar tantancewa kafin ya fita, ya kuma bi ta wata a can kafin ya isa.

Akwai kuma kamfanonin cikin Nijeriya irin su GIG Logistics da ABC, waɗanda ƙarfinsu yake tsakanin manyan birane. Ɗan kasuwar Ƙonni ko Maraɗi da ya sayi kayan gyaran mota ko na waya a Legas yakan yi amfani da irinsu su kawo masa Kano, daga nan direban tasha ya ƙarasa. Saƙo ɗaya ke nan ya bi hannu biyu ko uku, kowane da kuɗinsa, don haka sai an haɗa su duka kafin a ce ga abin da aka kashe.

Kamfanonin jirgin sama

Na huɗu su ne manyan kamfanonin duniya irin su DHL da FedEx da UPS. Idan takarda ce mai muhimmanci za ta tafi Dubai ko Sin ko Faransa, ko samfurin riɗi ko na kilishi da mai saye a waje yake son gani, su ne suka fi sauri, cikin 'yan kwanaki, kuma mutum yana ganin inda saƙonsa ya kwana a wayarsa. Amma tsakanin garuruwan kan iyaka labarin ya sha bamban. Su ta filin jirgi suke aiki, don haka saƙon Kano zuwa Maraɗi galibi sai ya gangara Legas, ya tashi zuwa Yamai, sannan ya dawo gabas a mota kilomita 660, alhali garuruwan biyu ba su kai kilomita 300 a tsakaninsu ba.

Yadda suke yanke kuɗi ma yana ba 'yan kasuwa da yawa mamaki. Ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwali. A DHL ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5,000, abin da ya fito shi ne nauyin girma, kuma wanda ya fi yawa tsakaninsa da na sikeli shi ake caja. A misali, kwalin huluna mai tsawon santimita 60 da faɗin 40 da tsayin 50 zai ba da 120,000, idan aka raba ya zama kilo 24, ko da a sikeli bai wuce kilo 8 ba. Mai kayan zai biya kuɗin kilo 24. A kan wannan akwai ƙarin kuɗin mai da ke sauyawa lokaci-lokaci, da ƙarin kuɗin kai saƙo garin da ke nesa da ofishinsu, ga kuma harajin kwastan da mai karɓa zai biya. Diyyar da suke bayarwa idan kaya sun ɓata bisa kilo ake lissafa ta, sai fa in mutum ya sayi inshora a kan ainihin darajar kayan. Masu sana'ar turare su sani cewa turare mai sinadarin da ke kama wuta, da batirin waya, suna cikin kayan da jirgi ba ya ɗauka sai da sharuɗɗa na musamman.

Kuɗin da ba ya cikin rasit

Kuɗin aike kashi ɗaya ne kawai na abin da ɗan kasuwa ke biya. Akwai na kwastan da duwan, da na 'yan dako, da na ajiya idan kaya sun daɗe a tasha. Akwai kuma canji. Sefa a ɗaure take da kuɗin Yuro, sefa 655 da 'yan kai a kan Yuro ɗaya, ita kuwa Naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta yi rauni ƙwarai. Kuɗin aiken da aka yanke da sefa yakan yi wa mai biya da Naira nauyi, don haka yana da kyau masu ciniki su yi magana tun farko: wa zai biya, kuma da wane kuɗi? Cire tallafin mai a Nijeriya a watan Mayun 2023 shi ma ya ɗaga kuɗin mota a duk hanyoyin nan.

Amma mafi tsadar duka shi ne ranar kasuwa. Maigatari ranar Alhamis take ci, Jibiya da Illela da Mai'aduwa ranar Lahadi, Ƙonni ranar Laraba, Maraɗi kuwa Litinin da Juma'a. Kayan da suka makara da yini ɗaya a Maigatari sun makara da mako guda. Wanda yake juya jarinsa duk mako, idan ya zaɓi hanya mai araha ta ci masa kasuwa ɗaya, ribar makon gaba ɗaya ya bayar don ya tsira da 'yan canjin da ba su kai rabinta ba. Balle kayan Sallah, waɗanda in suka iso bayan an sauko daga Idi sai dai a jira wata shekara ko a karya su.

Iyaka da dokokinta

Idan mai karatu bai manta ba, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ECOWAS ya sake rufe iyakar, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A waɗannan lokuta duk wani alƙawarin sauri ya tashi a banza, kaya suka koma hannun 'yan fito a kan babura, kuɗi ya ninka, asara ta yawaita. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, a watan Maris na shekarar kuma suka sanya harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigo musu daga waje. A Oktobar 2024 ma Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Dokoki irin waɗannan suna sauyawa, don haka a riƙa tambayar kwastan ko duwan kafin a ɗaure kaya, domin kayan da aka kama babu kamfanin da zai biya su.

Shawararmu

Ga abin da muka gani: a gajeren zango, direban da ka sani, wanda ƙungiyarsa ta san shi, ya fi kowa sauri. A cikin Nijar, kamfanin bas mai tasha a garin mai karɓa ya fi kwanciyar hankali. Takardu da samfurin da za su ƙetare teku a ba kamfanin jirgi, abin da ba a gaggawarsa a ba gidan waya. Kowace hanya aka bi, a tambayi wurare biyu ko uku kafin a biya, a ɗauki hoton kaya da lambar mota, a faɗi gaskiyar darajarsu, a matse kwali kada a biya kuɗin iska, kada kuma a sa tsabar kuɗi ko zinare a cikin saƙo. Su ma direbobi muna kira gare su da su buɗe duk ƙunshin da baƙo ya ba su a gabansa, domin direbobi da dama sun shiga hannun hukuma saboda ƙwayoyin da ba su san suna ɗauke da su ba. Muna kuma roƙon shugabannin tashoshi na ɓangarorin biyu da su tilasta ba da rasit a kan kowane saƙo, kome ƙanƙantarsa. Allah Ya ba kowa kasuwa mai albarka, Ya kai kaya lafiya.