Karch Kiraly: Daga Rairayin Santa Barbara Zuwa Zinare Uku

A shekarar 1956, lokacin da tankokin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe boren da ya ɓarke a Hangari, wani matashi mai suna Laszlo Kiraly ya bi sahun dubban da suka tsere daga ƙasar. Ya taɓa buga wa ƙungiyar matasan ƙasarsa ƙwallon raga, bai kuma bar son wasan a baya ba. A Amurka ya zama likita, ya yi aure, aka haifa masa ɗa ranar 3 ga Nuwamba, 1960, a Jackson ta jihar Michigan. Sunansa na yanka Charles, amma Karch ne ya bi shi.

Yaron na da shekara 6 uban ya fara koya masa wasan. A Santa Barbara ya girma, wani gari a gaɓar tekun Kaliforniya inda ake kafa raga a kan rairayi. Yana da shekara 11 ya shiga gasarsa ta farko, abokin wasansa kuwa mahaifinsa ne.

Duk abin da Karch ya zama daga baya, a nan aka shuka shi. A cikin zaure mutum shida ne kowane gefe, don haka wanda bai iya tarbar ƙwallo ba yana iya fakewa bayan 'yan'uwansa. A rairayi mutum biyu ne kacal, babu maɓuya. Abokan hamayya sukan nemi mai rauni su dinga auna shi, kuma idan yaro ya tsaya kusa da babba, ba sai an yi duba ba an san wa za a auna. Taɓawa uku aka yarda kafin ƙwallo ta tsallaka raga: a tarba, a ɗaga, a maka. Mutum biyu kuwa dole kowa ya iya dukansu, ga iska tana karkatar da ƙwallo, ga yashi yana riƙe ƙafa.

Tarbar ita ce aikin da 'yan kallo ba su cika tafa wa ba. Mai tarba zai lanƙwasa gwiwa, ya haɗe hannuwa biyu ya miƙe su, ƙwallo ta faɗa kan sangalin hannu. Ba ya dukanta, juya mata fuska kawai yake yi, ta tashi a hankali ta sauka daidai kan mai ɗagawa. In tarba ta ɓaci, komai tsallen mai makawa ya tashi a banza.

A sakandaren Santa Barbara, ƙarƙashin koci Rick Olmstead, ƙungiyarsu ta ci gasar yankin kudancin Kaliforniya a 1978. Daga nan sai jami'ar UCLA a Los Angeles, gidan Al Scates, kocin da ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 19 kafin ya yi ritaya. Scates ya yi amfani da masu ɗagawa biyu, Karch da Sinjin Smith: wanda ke layin baya ya ɗaga, wanda ke gaba ya maka. Tsarin sai ka ce don ɗan rairayi aka yi shi. A 1979 suka ɗauki kofi ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba. Jami'ar USC ta ƙwace a 1980, suka dawo da shi a 1981 da 1982. Karatun ma bai zaɓi mai sauƙi ba, kimiyyar sinadaran jikin halitta ya yi, ya kammala a 1983.

Tsawonsa mita 1.88, raga kuma ta maza mita 2.43 ce. A wasan da dogaye suka mamaye, wannan ba tsawon da ake taƙama da shi ba ne. Amma kocin ƙasa, Doug Beal, ya zo da dabarar da ta sauya wasan: maimakon mutum biyar su jeru suna jiran bugun farko, mutum biyu kawai za su tarbi komai, sauran su shirya kai hari. Karch da Aldis Berzins aka ɗora wa wannan nauyi. A Olamfik ta 1984 suka lallasa Birazil 3-0 a wasan ƙarshe. Masu ƙorafi sun ce ai Sobiyet ta ƙaurace wa gasar, kuma da gaskiyarsu. Amsar ta zo a fili: kofin duniya a 1985, gasar duniya a 1986, sannan a Olamfik ta Seoul a 1988 suka doke Sobiyet ɗin 3-1, aka zaɓi Karch gwarzon gasa.

Ya ɗan buga wa Ravenna a Italiya, sannan ya koma rairayi da hularsa ruwan hoda. Da aka sa wasan bakin teku a Olamfik karon farko, a Atlanta a 1996, shi da Kent Steffes suka ci zinare, yana da shekara 35. Gasa 148 ya ci a rairayi kafin ya ajiye wasa.

A 2012 ya karɓi ƙungiyar matan Amurka a matsayin koci. Sun ci gasar duniya a 2014, tagulla a Olamfik ta Rio a 2016, sai zinarensu na farko a Tokyo a 2021. Cikin 'yan wasan akwai Foluke Akinradewo da Chiaka Ogbogu, dukansu 'ya'yan 'yan Najeriya, ɗaya ta fito daga jami'ar Stanford, ɗaya daga ta Texas. Bayan azurfar Paris a 2024, aka miƙa masa ƙungiyar maza domin shirin gasar 2028.