Ciwo Mai Naci: Ko Wayar Hannu Za Ta Rage Mana Dogaro Da Ƙwaya?

Sunan unguwar Soron Ɗinki da ke cikin birnin Kano ya isa shaida a kan sana'ar da aka san ta da ita. Ɗinki kuwa, na hannu ne ko na keke, aiki ne na dogon zama: baya a tanƙware, wuya a sunkuye, balle idan salla ta ƙarato. Bayan shekaru, abin da madunki kan gada shi ne ciwon baya da na gwiwa wanda ba ya kwantar da mutum, ba ya kuma barinsa ya sake. Haka yake ga mai tura baro a Kasuwar Kurmi, da dattijuwa mai sanyin ƙashi, da matashin da ke fama da amosanin jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran ciwo mai naci idan ya wuce wata 3 yana ci ko yana dawowa. Ta kuma ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya. A wurinmu mafita ɗaya aka fi sani: a leƙa kemis a sayo ƙwaya. Mun ga inda wannan hanya take kaiwa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar a 2018 ya nuna kimanin 'yan Nijeriya miliyan 4.6 suna shan magunguna irin su tiramadol da kodin ba bisa ƙa'ida ba. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Akwai wata hanyar. Tun 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa saƙon ciwo ba ya isa ƙwaƙwalwa kai tsaye. Lakar baya da ƙwaƙwalwa suna iya ƙara masa ƙarfi ko su rage. Shi ya sa tsoro da damuwa da rashin barci suke rura wutar ciwo. Mai ciwon baya yakan ji tsoron motsi, sai ya daina. Jijiyoyi su yi rauni, ciwo ya ƙaru, ciniki ya tsaya, damuwa ta ninku. Dabarar gyara tunani da ɗabi'a tana koya masa yadda zai warware wannan sarƙa: ya rarraba aiki da hutu, ya koma motsi sannu a hankali, ya gyara barcinsa, ya daina ɗaukar kowane zogi a matsayin alamar nakasa. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamba 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ba da shawarar wannan dabara tare da motsa jiki, ta kuma yi gargaɗi a kan magungunan dangin tiramadol.

Sabon abu shi ne ana koyar da ita ta intanet. A Ostireliya, masana a Jami'ar Macquarie sun tsara darussa 5 da ake bi cikin mako 8, ƙwararre yana tuntuɓar majiyyaci ta waya ko saƙo, kuma cibiyar MindSpot ta shigar da su cikin aikinta na yau da kullum. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta wallafa a 2023 ya gano cewa irin wannan jinya daga nesa tana rage ciwo da naƙasu, ko da yake ragin kaɗan ne. Ba warkewa ake alkawari ba; abin da ake nema shi ne mutum ya koma kan kekensa, ya yi sujada, ya yi barci.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Masana halayyar ɗan Adam ƙalilan ne, layin Asibitin Murtala da na Ƙashi na Dala kuwa kan cinye wa mai sana'a yini guda. Ga kuma gudun tsangwama: da zarar an ce a ga likitan ƙwaƙwalwa, sai mutum ya tuna Dawanau ya ja da baya. Waya tana suturta majiyyaci, tana kuma isa ga matar aure har cikin ɗakinta.

Sai dai kwafo tsarin Turawa yadda yake ba zai haifar da ɗa mai ido ba. Da yawa daga cikin masu buƙatar ba sa karanta Turanci, data na da tsada, wutar lantarki ba tabbas. Darussan sai sun zama da Hausa, cikin gajerun saƙonnin murya irin na WhatsApp. Dole kuma likita ya fara duba mutum, domin ciwon baya mai tare da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ba na darasi ba ne, na gaggawa ne. Mai amosanin jini ma idan ciwonsa ya tashi, asibiti zai nufa. Sannan a kiyaye lafazi: wanda aka ce wa ciwonsa tunani ne kawai, an zage shi, ba zai dawo ba.

Kira na ga Jami'ar Bayero, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Ma'aikatar Lafiya ta Jiha, su haɗa hannu su tsara darussan, su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa bibiyar majiyyata, su gwada a unguwa guda kamar Soron Ɗinki, su auna sakamako su bayyana shi ga jama'a. Malamanmu ma suna da rawar takawa, domin haƙuri da neman magani ba sa karo da juna. Idan ba mu ba mai ciwo zaɓi ba, mai sayar da ƙwaya zai ci gaba da zama likitansa.