3.2 Ƙurjin Ƙwaƙwalwa ga Manya Masu Ramin Zuciya

Kamar yadda aka ambata a babin da ya gabata, akan haifi jarirai kimanin 8 daga cikin 1,000 da tawaya a zuciya. A wannan sashe za a duba yadda wannan tawaya take haddasa ƙurji a ƙwaƙwalwar wanda ya girma da ita, da abin da hakan yake nufi ga mutanen Rimin Gado.

3.2.1 Yadda Ciwon Yake Samuwa

A jikin mai lafiya, duk jinin da ya komo zuciya sai ya bi ta huhu kafin ya nufi kai. A can yake ɗaukar iskar oksijin, a can ne kuma ake tace ƙwayoyin cutar da ya kwaso, kamar yadda rariya take tsare tsaki. Idan kuwa akwai rami tsakanin ɓangarorin zuciya, kuma jini yana tsallakawa daga dama zuwa hagu, to ya kauce wa wannan rariya ke nan. Fitaccen misali shi ne tawayar nan mai illa huɗu wadda likitan Faransa Fallot ya yi bayaninta a 1888.

Bugu da ƙari, ƙarancin oksijin yakan sa jini ya yi kauri, ya toshe ƙananan jijiyoyi, wani gurbi na ƙwaƙwalwa ya raunana. A nan ne ƙwayoyin cuta suke yada zango, musamman waɗanda suka fito daga ruɓaɓɓen haƙori ko dasashi, har mugunya ta taru.

3.2.2 Alamomi

Babbar alama ita ce ciwon kai mai ƙaruwa kullum. Sauran sun haɗa da zazzaɓi, amai, jijjiga, ruɗewa da shanyewar ɓarin jiki. Zazzaɓin ba ya bayyana ga kowa. Matsalar ita ce, kowace alama a nan tana da fassararta a karkara: zazzaɓi na cizon sauro ne, jijjiga farfaɗiya ce ko iskoki. Daga kemis zuwa gidan mai magani, kwanaki sun tafi. Saboda haka ya kamata ma'aikacin lafiya ya duba harshe da leɓe ko sun yi shuɗi-shuɗi, da kan yatsu ko sun yi gudum-gudum, ya kuma tambaya ko tun yarinta maras lafiyar yana haki yana yawan tsugunawa.

3.2.3 Magani

Ƙaramar Hukumar Rimin Gado, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutane 104,790, tana yamma da birnin Kano a kan hanyar Gwarzo. Wannan kusanci abin amfani ne, domin sai da hoton ƙwaƙwalwa ake tabbatar da ƙurjin, shi kuwa aiki ne na babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Akan huda ƙoƙon kai a zuƙe mugunyar, sannan a bi da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya na kimanin mako 6 zuwa 8. Idan aka yi jinkiri ƙurjin yana iya fashewa a ciki, abin da sau da yawa yake zama ajali.

A taƙaice, muddin ba a gyara ramin ba, haɗarin yana nan. Don haka tsabtar baki wajibi ce ga irin wannan mutum, ciwon kansa kuma ba na jiran ranar kasuwa ba ne.