Kwanon Mai Sikila Daban Ne

A gidajenmu, da zarar an ga yaro ya ɗashe, tafin hannunsa ya yi fari fat, magana ɗaya ce: "Ba shi da jini." Sai a aika kemis a sayo maganin ƙarin jini, ko a dama masa malt da madarar gwangwani, wata uwar ma ta dafa zoɓo don kawai ta ga ja ne. Idan yaron mai amosanin jini ne, wato sikila, to an gano ciwon, amma an kuskure maganin.

Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila, wadda ke lanƙwashewa kamar lauje, kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe. Don haka ɓargonsa ba ya hutawa wajen ƙera sabbi, zuciyarsa kuma na bugawa da ƙarfi don ɗan jinin da ke akwai ya zagaya. Ko yana kwance, jikinsa na cin abinci fiye da na sa'anninsa. Ga shi kuma ciwon kan kashe masa sha'awar ci. Shi ya sa za ka ga ɗan shekara goma kamar ɗan bakwai, balagarsa ma ta yi jinkiri. Wani bincike da aka yi a asibitocin Kano ya nuna cewa masu sikila 'yan shekara 5 zuwa 12 da suka rame sosai sun fi shiga haɗarin mutuwa da wuri.

Yawancin magungunan ƙarin jini sinadarin ayon ne a cikinsu, alhali jiki na sake amfani da ayon ɗin ƙwayoyin da suka fashe. Yaron da ake yawan yi wa ƙarin jini a asibiti kuwa, ayon kan taru masa a hanta da zuciya har ya yi ɓarna. Akwai wanda ke da ƙarancinsa da gaske, amma gwaji ne ke nunawa, ba ido ba. Abin da ɓargo ke nema kullum shi ne folik asid, 'yar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da likita ke rubutawa, kuma akwai irinsa a wake, gyaɗa, alayyafo da sauran ganye. A daina dafa ganyen har ya mutu murus. Tafasa kaɗan ta isa.

A ganina, babbar matsalar ba tsadar abinci ba ce kaɗai, har da yadda muke ci. Yara biyar a tire ɗaya, mai saurin loma shi ke ƙoshi, mai sikila kuwa yana tsakura har a suɗe kwano. A ware masa nasa, ko da 'yan'uwa za su yi ƙorafi. A ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini: kunun gyaɗa da ƙosai da safe, ɗanwake ko awara da hantsi, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, fura da nono, ɗan cokalin man gyaɗa ko manja a kan tuwonsa. Nama, kifi da wake na da sinadarin zink, wanda ke taimaka wa girma. Gwaba, lemo, gwanda da mangwaro, duk wanda lokacinsa ya yi. Jariri kuwa nonon uwa zalla har wata shida, daidai lokacin da ciwon kan fara bayyana da kumburin hannu da ƙafa.

Sai ruwa. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa yadda ya kamata, shi ya sa yake yawan fitsari, wani har fitsarin kwance. Iyaye da yawa sai su hana shi shan ruwa da yamma, kuma wannan ganganci ne, domin idan jiki ya bushe jini kan yi kauri, ƙwayoyin su toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi. Da bazara kowa na tunawa da ruwa. Da hunturu ne ake mantawa, saboda ƙishi ba ya damun yaro alhali iska na busar da shi. Ruwan ya zama tafasasshe ko mai tsabta, ƙwai da kaza su dahu sosai, nonon ma a san inda aka sayo shi, don ƙwayar cutar salmonela da ke sa wani gudawa kawai, a jikin mai sikila tana iya shiga ƙashi.

Abinci ba ya maye gurbin maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, rigakafi da zuwa asibiti. Idan kuma watan azumi ya zo, yaro ya nace sai ya yi kamar abokansa, a fara jin ta bakin likitansa. Malamai ma sun san rangwamen da aka yi wa mara lafiya.